Ciwon Mara da Sankarar Fata: Me Ya Haɗa Su, Me Ya Shafe Mu a Adar?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau maganarmu a kan cuta biyu ce, waɗanda in an dube su sama-sama ba abin da ya gama su. Ɗaya tana cikin marar mace, inda ido ba ya kaiwa. Ɗaya kuwa a kan fata take, inda kowa zai gan ta in ya duba. Amma yau kusan shekara 20 ke nan likitocin Faransa da Amurka da Ostareliya suna cewa akwai wata igiya da ta ɗaure su. Labari irin wannan, in ya biyo ta rediyo ko ta wayar salula, kafin ya iso Takanamat ya zubar da rabin kayansa a hanya. Sai a wayi gari ana cewa duk mace mai ciwon mara sankara na jiranta. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana iya sa mace ta ƙara ɓoye abin da ta daɗe tana ɓoyewa. A ganinmu labarin bai kamata ya tsorata kowa a Adar ba. Amfaninsa a gare mu shi ne ya sa mu duba wurare biyu da muka saba kau da kai daga gare su: marar ƴaƴanmu mata da tafin ƙafafunmu.

Wace cuta ce wannan ta mara?

A cikin mahaifar mace akwai wata shimfiɗa mai laushi. Kowane wata tana yin kauri domin ta tarbi ciki. In ciki bai shiga ba, sai ta sāɓule ta fito tare da jini, shi ne haila. To, akwai matan da wani nama mai kama da wannan shimfiɗa yake tsiro musu a inda ba wurinsa ba: a kan gidan ƙwai, a kan bututun da ƙwai ke bi, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara. Wannan nama ba ya san ya ɓace hanya ba. Duk wata sai ya kumbura, ya yi jini, kamar yana cikin mahaifa. Jinin kuwa ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya yi zafi, ya yi tabo, kayan ciki su manne da juna. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci suna kiran cutar andometiriyoz.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar tana kama wajen mace 1 cikin 10 daga masu shekarun haihuwa, kimanin mata miliyan 190 ke nan a duniya. Alamarta babba ita ce ciwon mara mai tsanani lokacin haila, irin wanda ke hana daka da zuwa rijiya, ya kwantar da mace kwana biyu ko uku, wani lokaci har da amai. Akwai kuma jin zafi wajen kwanciyar aure, da zafi wajen bawali ko bayan gida a kwanakin haila, da kumburin ciki, da gajiya. A cikin matan da suka daɗe ba su sami ciki ba, ana samun cutar ga kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba ciwon sanyi ba ce, ba a ɗaukar ta wajen namiji, ba kuma alamar yarinya ta yi wani abin kunya ba ce. Mu riƙe wannan da kyau, domin zargi ya fi ciwon kansa rufe bakin budurwa.

Tun 1927 wani likitan Amurka mai suna John Sampson ya kawo bayani cewa wani ɓangare na jinin haila yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki, ya dasa iri a can. Daga baya aka gane cewa wannan komawar jini tana faruwa ga yawancin mata, amma kaɗan ne irin ke kama musu. Ashe ba irin kaɗai ba ne, har da ƙasar da ya faɗa. A nan ne gado da ƙarfin garkuwar jiki suka shigo cikin maganar.

An daɗe ana karantar da likitoci cewa wannan cuta ta matan Turawa ce, baƙar mace ba ta yin ta. Dalilin wannan kuskure a fili yake: ba a nema ba, shi ya sa ba a gani ba. Da likitocin asibitin koyarwa na Ibadan, a Najeriya, suka leƙa cikin mata 239 da madubin tiyata, sun tarar da cutar ga 115, kusan rabi ke nan, suka buga sakamakon a 2015. Kada mu ɗauka rabin matan Ibadan ne ke da ita, domin waɗannan mata dama wata damuwa ce ta mahaifa ta kai su asibiti. Amma binciken ya isa ya kashe maganar cewa ba ta kama baƙar fata. Gaskiya ne mace mai yawan ciki da shayarwa hailarta kaɗan ce a rayuwa, kuma cutar takan lafa a lokacin. A Nijar, ƙidayar 2012 ta nuna mace guda tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsaka-tsaki, ta 2021 kuma ta nuna 6,2. Sai dai wannan lissafi bai ce komai ba a kan wadda ta shekara 6 a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta yi ba, ana kiranta juya, ana shirin yi mata kishiya ko a sallame ta. Ita ce cutar ta fi yiwuwa tana ci.

Abin da aka gano a Faransa

A 1990 masu bincike a Faransa suka fara bin lafiyar mata kusan 100.000, waɗanda aka haifa tsakanin 1925 da 1950. Yawancinsu malaman lakwal ne. Kowace shekara biyu ko uku sai a aika musu takardar tambayoyi, su cika da hannunsu, su mayar. Sunan wannan aiki E3N. A 2007 wata mai bincike, Marina Kvaskoff, da abokan aikinta suka buga abin da suka gani: cikin mata wajen 92.000 da aka bi shekara 12, an sami 363 da suka kamu da melanoma, wadda ita ce mafi muni cikin sankarar fata. Matan da ke da andometiriyoz sun fi sauran kamuwa da ita da wajen kashi 60 cikin 100. A 2017 aka sake lissafi bayan an ƙara shekaru, sakamakon ya fito kusan haka. Sauran irin sankarar fata guda biyu, waɗanda suka fi yawa amma ba su kai melanoma kisa ba, ba a ga wata alaƙa tabbatacciya tsakaninsu da cutar mara ba.

Kashi 60 cikin 100 magana ce mai nauyi a kunne, don haka mu zauna mu auna ta da tiya. Mutum 363 cikin 92.000, wajen mace 4 ke nan cikin 1.000 a shekara 12. In aka ƙara kashi 60 cikin 100 a kan 4, an sami 6 da ɗan ɗori. Ke nan ko a Faransa, cikin mata 1.000 masu wannan ciwon mara, fiye da 990 ba su ga melanoma ba a waɗannan shekaru. Wanda ke da damin gero ɗaya, in an ƙara masa rabin dami, bai zama sarkin noma ba. Haka haɗari yake: in tushensa ƙarami ne, ƙarin ma ƙarami ne.

Kuma ba duk bincike ne ya yarda da na Faransa ba. A 2021 Kvaskoff ɗin nan da wasu suka tattara binciken ƙasashe da yawa suka haɗa. Da aka zuba su duka a ƙwarya ɗaya, alaƙar da melanoma ta yi rauni har ba a iya rantsewa a kanta. Da aka ware waɗanda aka yi da kyakkyawan tsari kaɗai, sai ta sake bayyana. Abin da ya fito sarai a wannan tattarawa shi ne alaƙa da sankarar gidan ƙwai. Ita ma da sauƙi: a ƙasashen da aka ƙidaya, mace 13 cikin 1.000 ke kamuwa da ita a tsawon rayuwa, masu andometiriyoz kuwa wajen 25 cikin 1.000.

Shamuwa ba ita ke kawo ruwa ba

Kowane manomi a Adar ya san in shamuwa ta sauka a kan itacen gari, damina ta kusa. Amma ba wanda zai ce shamuwa ce ta ɗauko hadari a fiffikenta. Lokaci ɗaya ne ya kawo su. To, haka masana suke kallon waɗannan cututtuka biyu. Ba wanda ya nuna cewa ciwon mara yana rikiɗa ya zama sankarar fata. Tambayar da suke yi ita ce: wane abu ne a jikin mace ke buɗe wa duka biyu ƙofa?

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce gado. A Faransa da Amurka an lura cewa matan da ke da yawan tawadar Allah a jiki, da waɗanda rana ke saurin ƙona musu fata, da waɗanda wani a danginsu ya taɓa yin melanoma, sun ɗan fi sauran samun andometiriyoz. Waɗannan siffofi kuwa su ne dama aka sani suna jawo melanoma ga Bature. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai zaren gado tagwaye 23. A kan zare na 9 akwai wani wuri da ke aikin linzami, yana tsayar da ƙwayar halitta kada ta yi ta rabuwa ba iyaka. An sami alamun gadon andometiriyoz a wannan unguwa, kuma a nan ne ɗaya daga manyan ƙwayoyin gadon melanoma take. A 2021 masana a Ostareliya suka gwada bayanan gadon dubban mutane, suka ce lalle akwai tarayya tsakanin cututtukan biyu ga mata, amma ƴar kaɗan ce.

Amsa ta biyu sinadarin mata ne, wanda likitoci ke kira estorojen. Shi ne abincin andometiriyoz, shi ya sa takan lafa in mace ta daina haila. Ƙwayoyin da ke ba fata launi su ma suna jin kiran sinadaran mata. Wannan ba sai an je Turai ba, kowace ungozoma ta sani: in mace ta yi ciki kan nononta yakan ƙara baƙi, wani baƙin layi ya fito daga cibiya zuwa mara. Ta uku ita ce garkuwar jiki. Aikinta ne ta share naman da ya tsiro inda bai dace ba, ko a mara ko a fata. In mai gadin ya yi gyangyaɗi, ɓarawo biyu na iya shiga ta ƙofa ɗaya.

Akwai kuma wata amsa wadda ba ta jiki ba ce, mu kuwa muna ganin tana da nata rabo. Macen da ciwo ya saba kai ta gaban likita, an fi duba ta, don haka an fi ganin abin da ke jikinta. Rijiyar da ake leƙawa kullum ita ake sanin ranar da ƙadangare ya faɗa.

Yawancin wannan bincike, mu lura, a kan fararen mata aka yi shi. Siffofin da aka lissafa, jan gashi da fatar da rana ke ƙonawa, ba namu ba ne. Wanda ya ɗauko lissafin matan Faransa ya ɗora wa matan Takanamat ko Afala ko Barmu, ya auna gero da ma'aunin mai.

Tamu sankarar a ƙafa take ɓuya

Baƙin da ke fatarmu sunansa melanin, kuma laima ce da aka haife mu da ita. A Amurka, inda fari da baƙi ke zaune ƙarƙashin rana ɗaya, Bature 1 cikin 33 ke kamuwa da melanoma a rayuwarsa, baƙin mutum kuwa 1 cikin 1.000. Saboda haka ba za mu ce wa matar da ke haƙa rabin-wata a kan fako, ko mai ban ruwan albasa a fadama, ta bar aiki don tsoron rana ba. Malfa da mayafi suna da amfaninsu, amma ba nan haɗarinmu yake ba.

In melanoma ta kama baƙin mutum, ta fi fitowa inda ba baƙi: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan iri ba rana ke kawo shi ba. Likitocin Japan sun nuna a 2016 cewa ya fi zama a wuraren da ke ɗaukar nauyin jiki, wato dunduniya da gaban tafin ƙafa. Samarinmu da suka yi bida a Abijan sun san mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka ga wani baƙin abu ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara ɗaukarsa raunin ƙwallo. Melanoma ce. Ta bazu a jikinsa, ya mutu a 1981 yana da shekara 36. Mutum ne mai kuɗi, likitocin duniya na hannunsa. Ina ga manomin da ke takawa cikin ƙaya da tsakuwa, ƙafarsa duk kaushi da faso, wanda in ya ga baƙin tabo zai ce tsohuwar ƙaya ce?

Kada kowa ya firgita, baƙaƙen mutane da yawa suna da ɗigon baƙi a tafin ƙafa ko layi a farce tun suna yara, ba ya girma, ba ya komai. Wanda ake tsoro shi ne sabo, ko tsohon da ya sauya hali: yana faɗi wata bayan wata, bakinsa ba daidai ba kamar gonar da aka yi rigimar iyaka, launinsa biyu ko uku, ya fi ƙwayar wake girma, ko ya fashe yana jini ya ƙi warkewa. Layin farce kuma in yana ƙara faɗi, ko baƙin ya tsallako kan naman yatsa. In har kaluluwa ta fito a matsematsi a gefen ƙafar, to an fara makara, a tashi ranar. A Amurka, in an yanke melanoma tun tana wurinta, fiye da mutum 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. In ta kai huhu ko hanta, wajen 1 cikin 3 ne.

A nan muna da magana da mata musamman. Ƙunshi ado ne, ba mu ce a bari ba. Amma lalle, balle wanda aka sa wa gishirin lalle ya yi baƙi ƙirin, yana rufe tafin ƙafa da farce, daidai inda wannan cuta ke ɓuya. Macen da ba ta barin wani ya goge sai ta ɗora wani, tana iya shekara ba ta ga fatar ƙafarta ba. Mai ƙunshi kuwa ita ce ke riƙe ƙafar mata a hannunta, ta fi likita ganin tafin ƙafa a garin nan. In ta ga abin da bai yi mata ba, ta faɗa wa mai ƙafar a asirce kafin ta shafa. Maza kuma, mai wanke ƙafa sau biyar a yini ba shi da hujjar cewa bai san abin da ke ƙarƙashinta ba. Tsoho da ba ya iya lanƙwasawa, jikansa ya duba masa.

Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne kada a kai irin wannan tabo wurin wanzami. Aska tana cire abin da ido ya gani, ta bar saiwa, kuma naman da ya kamata a aika a auna a gane ko mene ne an jefar da shi. Haka gyambon da ya shekara bai rufe ba, ko tabon ƙunar wuta na tun yarinta da ya sake buɗewa, bakinsa ya yi tudu yana wari: wata irin sankarar fata tana tsirowa a kan irin waɗannan, kuma a ƙasashenmu tana cikin waɗanda likitoci suka fi gani. Toka da kashin shanu da garin batir ba sa warkar da ita.

Mutum biyu ne rana ke yi wa illa ta gaske a cikinmu. Na farko zabiya, wanda aka haifa ba laimar nan. Yaro zabiya da aka tura kiwo tsakar rana ba riga, an tura shi ga sankara tun bai yi gemu ba. Hakkinsa ne a ba shi malfa mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da aikin inuwa, a kuma kai shi a duba fatarsa ko ba ya ciwo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga Yuni tun 2015. Na biyu ita ce wadda ta cire laimarta da kuɗinta, mai shafa man bilicin. Likitocin fata a Dakar sun ba da labarin matan da sankara ta fito musu a wuya da wuraren da rana ke bugu bayan shekaru suna shafe-shafe.

Akwai wuri ɗaya da cututtukan nan biyu ke haɗuwa a ido. Wani lokaci andometiriyoz takan fito a cibiya, ko a kan tabon tiyatar haihuwa, kamar ɗan baƙin ƙullutu. Bambancinsa shi ne yana bin wata: ya kumbura, ya yi zafi, har ya yi jini lokacin haila, sa'an nan ya lafa. Ba sammu ba ne. Likita na iya cire shi.

Haƙuri ba magani ba ne

Mu koma ga mara, domin a lissafi ita ta fi shafar gidajenmu nesa ba kusa ba. In mace 1 cikin 10 ce, to duk zauren karatu na mata 30 akwai wajen 3 a ciki, suna zaune ba su ce komai ba. Abin da ake gaya wa yarinya mun san shi: kowace mace haka take, ki yi haƙuri, in kin yi aure zai bari, in kin haihu zai wuce. Ciwon mara kaɗan a ranar farko, wanda ba ya hana aiki, wannan kam na kowa ne. Amma wanda ke sa yarinya birgima a ƙasa, ya hana ta lakwal kwana uku kowane wata, ba na kowa ba ne. Aure ba ya warkar da shi, sau da yawa ma a ɗakin miji yake ƙara bayyana, amarya ta riƙa gudun shimfiɗa a ce ba ta son mijin, ko a ce iska ce ta aure ta. Ciki yana kwantar da shi na ɗan lokaci, ya dawo bayan yaye. Uban da ya cire ɗiyarsa daga karatu ya aurar da ita don ta warke, ya yi hasara biyu.

Ko a Faransa mace takan yi wajen shekara 7 tana yawo kafin a gane cutarta, har sai da gwamnatinsu ta fito da shiri na musamman a kanta a 2022. Mu da madubin tiyata ya yi mana nisa, ba za mu jira shi ba. Likitoci yanzu sun yarda a fara magani bisa alamu, ba sai an buɗe ciki ba. Har yau ba a sami maganin da ke tumɓuke cutar ba, amma akwai mai sa mace ta miƙe ta yi harkarta. Ibuprofen da danginsa suna rage zafin in an fara sha da ciwon ya soma, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki da mai juna biyu su nisance shi. Magungunan tazarar haihuwa, ƙwaya ko allura ko ashanar hannu, suna rage haila ko su tsayar da ita, sai naman nan ya rasa abincinsa. A nan mazaje da yawa ke tirjewa. Mu fahimta: likita na iya rubuta wa mace wannan magani don ciwo, ba don hana ta haihuwa ba, kuma in ta daina sha haihuwa na dawowa. Wadda kuma ciki take nema, hanyarta dabam ce, a gaya wa likita tun farko. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne taramol na masu yawo da magani a ka. Yana kwantar da ciwon yau, gobe ya zama shi ne ciwon.

Dole a je asibiti, domin ba kowane ciwon mara ne andometiriyoz ba. Ciwon sanyi da ya hau mahaifa yana kawo irinsa, maganinsa dabam, kuma tare da miji ake sha. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tabki da madatsa, tana taɓa mahaifar mace ita ma, ga masu wanki da kamun kifi a wurare irin Tabalak. Ƙari a mahaifa ma haka. Hanya ita ce a fara da CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu su rubuta takarda zuwa Tawa, inda akwai babban asibitin jiha da asibitin uwa da yaro, a yi hoton ciki na eko. Daga nan sai Yamai, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ga matsalar mahaifa, cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa kuma ga wanda aka tabbatar masa da sankara. Tun 2021 wannan cibiya take gashin sankara da na'ura, abin da a da sai an fita waje. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marar lafiya a asibitocinta da rabi. Kuɗin mota da na abinci a hanya suna nan, ba mu musanta ba. Amma mai gidan da ya tafi bida ya bar wa ƙanensa kuɗin taki da na maganin tumaki, ya ware jika kaɗan da sunan asibitin matarsa, ya kuma bar izini a fili cewa in ciwo ya tashi ta tafi, ba sai an nemo shi a waya daga Libiya ba.

Ga ma'aikatan asibitocin karkara kuma muna da roƙo wanda ba ya cin ko dala. Mace ba za ta buɗe baki ta fara wannan magana ba, balle gaban namiji. Ku ne za ku tambaya: hailarki tana hana ki aiki? In ta ce i, kada a sallame ta da parasetamol biyu da kalmar haƙuri. In kuma babba ya zo da kowace irin cuta, a ce ya tuɓe takalmi a ga tafin ƙafa.

Kaso mai yawa na abin da duniya ta sani yau a kan wannan alaƙa, daga takardun da malaman lakwal mata suka cika da hannunsu ya fito. Ƴar'uwa mai ciwon mara, ke ma ki sami ɗan littafi. Kowane wata ki rubuta ranar da jini ya zo, da ranar da ya ɗauke, da kwana nawa ciwo ya hana ki daka ko zuwa gona, da maganin da kika sha. In rubutu bai zauna ba tukuna, ki ja kara ɗaya ga kowace ranar jini, ki kewaye ta ciwo. Bayan wata uku ki tafi da littafin CSI, ki miƙa wa ungozomar asibiti kafin ta tambaye ki komai.